Takobi da Sandar Kurket: Rayuwar Birgediya-Janar Robert Poore (1866-1938)

1.0 Gabatarwa

A tarihin wasan kurket na ƙasar Ingila, duk lokacin da aka ambaci kakar wasa ta shekarar 1899 sai an haɗa da sunan wani hafsan sojan doki, Manjo Robert Montagu Poore. A tsakanin watan Yuni da watan Agusta na wannan shekara ya tara makin da ya ba masana wasan mamaki, sa'annan kafin shekarar ta ƙare ya ajiye sandarsa ya tafi fagen yaƙi a Afirka ta Kudu. Wanda ya san shi ta hanyar littattafan wasa kaɗai zai ɗauka cewa ɗan kurket ne wanda aikin soja ya riƙa katse wa hanzari. Tarihin rayuwarsa kuwa yana nuna akasin haka. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin rayuwar wannan hafsa daga Indiya zuwa Afirka da Ingila, domin a nuna cewa aikin sojan daular Birtaniya ne ya ba shi lokacin yin wasan, ya zaɓar masa filin da zai buga, ya zaɓar masa har ƙasar da zai wakilta, kuma shi ne ya janye shi daga wasan a lokacin da tauraronsa ke haskakawa. Saboda haka ba za a fahimci makin da ya ci ba sai an dubi yaƙe-yaƙen da suka sa su a tsakiya.

2.0 Ma'anar Kurket Mai Daraja ta Ɗaya

A Nijeriya an fi sanin kurket a matsayin wasan tsoffin makarantun gwamnati irin su Kwalejin Katsina, don haka ya kamata a ɗan yi bayaninsa kafin a shiga cikin tarihin. Ƙungiyoyi biyu ne suke karawa, kowace da mutum goma sha ɗaya. Mai jifa yana auna turaku uku da aka kafa a ƙasa, mai bugu kuma yana tsaye a gabansu da sanda mai faɗi yana kare su, yana kuma neman maki ta hanyar doke ƙwallon. Idan ƙwallo ta taɓa turakun, ko aka cafe ta a sama bayan ya buga, to an fitar da shi, sai wani ya shigo. Masu bugu biyu ne suke cikin fili a kowane lokaci, kuma zubin ƙungiya yana ƙarewa idan an fitar da mutum goma. Cin maki 100 a zubi guda shi ne abin alfaharin mai bugu. Ana auna gwanintarsa ne da matsakaicin maki, wato a raba jimlar makinsa da yawan lokutan da aka fitar da shi.

Abin da ake kira kurket mai daraja ta ɗaya shi ne wasan da ake yi tsakanin manyan ƙungiyoyi na tsawon kwana uku ko fiye, kowane ɓangare da zubi biyu. A Ingila an fara aiki da wannan rabe-rabe a hukumance a 1895. A samansa akwai wasan Tes, wanda ake yi tsakanin ƙasa da ƙasa.

Akwai wani rabe-rabe na biyu wanda ya fi shafar wannan tarihi. A wancan zamani 'yan wasan Ingila kashi biyu ne: masu wasa don sha'awa, waɗanda yawancinsu 'ya'yan masu hali ne, da masu wasa don albashi, waɗanda suka fito daga cikin talakawa. Ko da suna ƙungiya ɗaya, ɗakin sauya tufafinsu daban, a wasu filaye ma ƙofar shigarsu daban. Ba a soke wannan bambanci ba sai a ƙarshen 1962. Hafsan soja yana cikin kashi na farko, domin matsayinsa bai yarda ya karɓi lada a kan wasa ba.

3.0 Asalinsa da Shigarsa Soja

An haifi Robert Poore ranar 20 ga Maris, 1866 a kusa da birnin Dablin na ƙasar Ailan, wadda a lokacin take ƙarƙashin sarautar Birtaniya. Gidansu gidan soja ne ta ɓangarori biyu: mahaifinsa manjo ne a sojan doki, kakansa na wajen uwa kuma babban hafsa ne a sojan ruwa. A 1886, yana da shekara ashirin, ya sami muƙamin hafsa, kuma a cikin wannan shekara ya koma Runduna ta 7 ta Hussars, ɗaya daga cikin rundunonin dawaki masu tsohon suna.

Ko da yake an hana sayen muƙamin hafsa da kuɗi tun 1871, aikin hafsan doki ya ci gaba da zama na masu abin hannu. Albashi ba ya isar hafsa ya sayi kayan sarki da dawakin hawa da na wasan folo, ya kuma biya kuɗin cin abinci a zauren hafsoshi, sai in yana da wata dukiya ta gida. A madadin haka, idan babu yaƙi, hafsa yana da hutu mai tsawo da kuma yammaci wanda babu aiki a cikinsa. Manyan soja ba su ɗauki wasa a matsayin ɓata lokaci ba. A ganinsu farauta da folo da kurket suna koya wa saurayi jimiri da kaifin ido da biyayya ga shugaba, wato halayen da ake bukata a wurin wanda zai ja dakaru. Wannan shi ne muhallin da Poore ya tashi a ciki, mutum dogo mai tsawon ƙafa 6 da inci 4, gwanin hawa da sarrafa takobi.

4.0 Indiya: Inda Ya Koyi Wasan

Abin lura a nan shi ne Poore bai yi suna a kurket yana yaro ba. Bai mai da hankali ga wasan ba sai da aka kai rundunarsa Indiya, kuma an ruwaito cewa daga littattafan koyar da wasan ya tsinci yawancin dabarunsa, yana karantawa yana gwadawa. Damarsa ta zo ne a 1892, lokacin da aka naɗa shi dogarin Gwamnan Bombai, birnin da ake kira Mumbai a yau. Gwamnan kuwa shi ne Lord Harris, wanda ya riƙe lardin daga 1890 zuwa 1895, tsohon kyaftin ɗin ƙungiyar kurket ta Ingila kuma ɗaya daga cikin masu faɗa a ji a harkar wasan. A gidan irin wannan gwamna, dogarin da ya iya bugu ba ya rasa fili ko abokan wasa.

A wannan shekara ta 1892 ne aka fara jerin wasannin shekara-shekara masu daraja ta ɗaya tsakanin ƙungiyar Turawan lardin da ƙungiyar Parsi, al'ummar da kakanninta suka yi hijira daga Farisa zuwa Indiya, kuma ita ce ta fara rungumar kurket a cikin 'yan ƙasa. A ɓangaren Turawa Poore ya fara buga wasansa mai daraja ta ɗaya. Sunan ƙungiyoyin kansa ya isa shaida cewa launin fata da addini ne suke raba 'yan wasa a Bombai.

Filin wasan ma ba a rasa rigima a kansa ba. Tun wajen ƙarshen shekarun 1870 'yan ƙasa masu buga kurket suke kai kuka ga gwamnati cewa dawakin Turawa masu wasan folo suna farfasa musu dandalin da suke wasa a kai. An ɗauki shekaru ana wannan ja-in-ja kafin a yanka wa Parsi da Hindu da Musulmi filayensu daban-daban a bakin teku. Poore, a matsayinsa na hafsan doki mai buga wasannin biyu, yana cikin rukunin da ba ya bukatar rubuta takardar koke kafin ya sami wurin wasa.

5.0 Afirka ta Kudu da Rodeshiya, 1895-1897

A 1895 aka ɗauke rundunarsa daga Indiya zuwa Natal a Afirka ta Kudu. Ba da jimawa ba wata ƙungiyar Ingila a ƙarƙashin Lord Hawke ta iso ƙasar domin rangadin wasanni. Poore ya yi wa baƙin bugu mai kyau a wasannin Natal, sai aka zaɓe shi ya wakilci Afirka ta Kudu a wasanni uku da aka yi a Port Elizabeth da Johannesburg da Cape Town a watannin Fabrairu da Maris na 1896. Daga baya aka lissafa waɗannan wasanni a cikin wasannin Tes. Ta haka hafsan Sarauniya Biktoriya, haifaffen Ailan, wanda bai cika shekara guda a ƙasar ba, ya kara da Ingila da sunan Afirka ta Kudu.

Bai taka rawar a-zo-a-gani ba, domin maki 76 ya samu a zubi shida, mafi yawa 20. Sai dai ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Mai jifan Ingila George Lohmann ya fitar da mutum 35 a wasannin uku, kuma a Port Elizabeth an fitar da ƙungiyar Afirka ta Kudu gaba ɗaya a kan maki 30.

Zaɓen Poore yana ƙara ma'ana idan aka tuna da abin da ya faru shekara biyu kafin nan. A 1894 an hana Krom Hendricks, wanda ake ganin yana cikin mafiya saurin jifa a ƙasar, shiga tawagar da ta tafi Ingila, saboda shi ba farar fata ba ne. Hendricks ɗan ƙasa ne, Poore kuwa baƙo ne da jirgin soja ya sauke, amma ƙofar da aka rufe wa na farko ita aka buɗe wa na biyu.

A cikin makon da aka buga wasa na uku a Cape Town, al'ummar Ndebele suka tayar wa kamfanin Cecil Rhodes a ƙasar da Turawa suka raɗa wa suna Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau. Dalilan tawayen sanannu ne: ƙwace shanu da filaye bayan yaƙin 1893, aikin tilas, fari da fara, da annobar shanu da ta ɓarke a 1896. Daɗin daɗawa, yawancin 'yan sandan kamfanin sun bi Jameson zuwa harin da ya kai Transvaal a ƙarshen 1895, inda aka kama su, sai ƙasar ta zama babu masu tsaro. A watan Yuni al'ummar Shona su ma suka tashi. Aka tura dakarun Runduna ta 7 ta Hussars, Poore yana cikinsu, suka yi yaƙi a ƙasar Ndebele a 1896, sa'annan a ƙasar Shona a 1897.

Yaƙin bai kasance na sahu da sahu ba. An murƙushe tawayen ne ta hanyar ƙona garuruwa da rumbuna, da kore dabbobi, a ƙasar Shona kuma har da sa nakiya a kogunan duwatsun da mutane suka fake a ciki. A 1898 aka rataye Nehanda da Kaguvi, shugabannin addinin gargajiya da suka ƙarfafa wa Shona gwiwa. Mutanen Zimbabuwe suna kiran wannan gwagwarmaya Chimurenga ta Farko. Shi kuwa Poore ya fito daga cikinta da yabo a rahoton manyansa da kuma ƙarin girma zuwa manjo. Da wannan muƙami ne littattafan kurket suka san shi.

6.0 Kakar 1899

Poore ya koma Ingila a 1898. A wannan shekara ya auri Lady Flora Douglas-Hamilton, 'yar'uwar Duke na Hamilton na 13, wanda shi ma daga baya ya auri Nina, ƙanwar Poore. A shekarar ce kuma ya fara buga wa gundumar Hampshire. Wannan ƙungiya ta dogara ƙwarai da hafsoshi, saboda babban barikin Aldershot da tashar sojan ruwa ta Portsmouth duk suna cikin gundumar. Kyaftin ɗinta ma soja ne, Kyaftin Edward Wynyard, wanda ya yi yaƙi a Bama.

Daga 12 ga Yuni zuwa 12 ga Agusta, 1899, Poore ya ci wa Hampshire maki 1,399 a zubi 16, matsakaicinsa 116.58. A wasa da Somerset a Portsmouth ya ci 104 a zubin farko, ya ci 119 a na biyu ba tare da an fitar da shi ba, sa'annan ya bi su da 111 a kan Lancashire, wato ɗari uku a jere ke nan. Da aka sake haɗuwa da Somerset a Taunton a watan Yuli, shi da Wynyard suka haɗu a fili bayan an fitar da mutum biyar, suka tara maki 411 a tsakaninsu. Poore ya tashi da 304, Wynyard da 225. A kakar gaba ɗaya ya sami maki 1,551 a zubi 21, ya kai ɗari sau bakwai, matsakaicinsa 91.23.

Za a gane nauyin waɗannan alƙaluma idan aka dubi tsawon lokacin da suka yi ba a wuce su ba. Babu wanda ya zarce matsakaicinsa a kakar Ingila sai Don Bradman na Ostareliya a 1930. Makinsa 304 ya zauna a matsayin mafi yawa a tarihin Hampshire har 1937, lokacin da Dick Moore ya ci 316. Haɗin gwiwarsa da Wynyard kuwa ya shekara 123 ba a karya shi ba a gasar gundumomi a wannan mataki na zubi, sai a 2022 da 'yan wasan Glamorgan biyu suka tara 461.

A cikin wannan bazara dai ya kasance cikin 'yan wasan da suka ci wa rundunarsa kofin folo na rundunonin soja, ya kuma zama zakara a gasar sarrafa makamai ta soja da ake yi a Landan. Wannan yana nuna cewa a wurinsa kurket ɗaya ne daga cikin wasannin hafsa, ba sana'a ba. Ɗan wasa mai cin albashi zai buga tun daga Mayu har Satumba domin da shi yake ci da iyalinsa. Poore ya buga ne gwargwadon hutun da aka ba shi. A kakar da Ranjitsinhji, yariman Indiya mai buga wa Sussex, ya zama mutum na farko da ya haura maki 3,000, Poore ya yi zubi 21 ne kawai.

7.0 Yaƙin Boer da Shari'ar Morant

A watan Oktoba na 1899 yaƙi ya ɓarke tsakanin Birtaniya da jamhuriyoyin Boer biyu, wato Transvaal da Orange Free State. Lokacin da kundin shekara-shekara na Wisden ya fito a 1900 da sunan Poore a cikin gwanaye biyar na shekara, shi yana Afirka ta Kudu. Hampshire, wadda yaƙi ya kwashe wa hafsoshi, ta zo ta ƙarshe a gasar 1900.

Aikin da aka ba shi shi ne shugabancin 'yan sandan soja a hedikwatar rundunar, a ƙarƙashin Lord Roberts, daga baya kuma a ƙarƙashin Lord Kitchener. Mai wannan muƙami shi ke kula da ɗa'ar dakaru, da tsare fursunonin yaƙi, da zartar da hukuncin kotun soja. Bayan an kama Pretoriya a watan Yuni na 1900, Boer suka koma yaƙin sari-ka-noƙe, Birtaniya kuma ta mayar da martani da ƙona gonaki da tattara mata da yara a sansanoni. Fiye da Boer 26,000 ne suka mutu a waɗannan sansanoni, yawancinsu yara, kuma aƙalla baƙar fata 14,000 suka mutu a nasu sansanonin na daban. Ba Poore ne ya tsara wannan siyasa ba, amma yana cikin hedikwatar da ta gudanar da yaƙin, kuma an ba shi lambar girma ta DSO saboda aikinsa.

Al'amarin da ya fi jawo sunansa cikin littattafan tarihi shi ne na wata rundunar sa-kai mai suna Bushveldt Carbineers, wadda ta yi aiki a arewacin Transvaal. A watan Oktoba na 1901 wasu daga cikin dakarunta suka rubuta takarda suna zargin hafsoshinsu da harbe Boer da suka riga suka miƙa wuya. Aka kama hafsoshin, kotun soja ta fara zama a Janairun 1902. Waɗanda ake tuhuma ba su musanta harbe fursunonin ba. Hujjarsu ita ce umarni ne ya zo daga sama cewa kada a kama kowa da rai. Kotu ba ta karɓi wannan hujja ba. Ranar 27 ga Fabrairu, 1902 aka harbe Laftana Harry Morant da Laftana Peter Handcock a Pretoriya, aka mayar da hukuncin Laftana George Witton ɗaurin rai da rai, ko da yake an sake shi a 1904.

Shari'a irin wannan dole ta bi ta ofishin shugaban 'yan sandan soja, kuma littafin da Poore yake rubuta al'amuran yau da kullum a cikinsa ya tsira. Saboda haka masu bincike suke komawa gare shi a kan tambayar da ta raba kan masana, wato ko manyan hafsoshi sun san da irin wannan umarni. A Ostareliya, inda Morant da Handcock suka fito zuwa yaƙin, batun ya zama na kishin ƙasa, musamman bayan fim ɗin Breaker Morant na 1980. An nemi gwamnatin Birtaniya ta yi musu afuwa bayan mutuwa, ta ƙi a 2010. Ke nan mutumin da 'yan kallo suka tafa wa a Taunton a 1899, bayan shekara biyu da rabi yana tsakiyar shari'ar laifin yaƙi mafi shahara ta zamaninsa.

8.0 Sauran Rayuwarsa

An ƙulla sulhun Vereeniging ranar 31 ga Mayu, 1902. Poore ya dawo yana da shekara 36, kuma bai sake samun kaka irin ta 1899 ba. Ya riƙa buga wa Hampshire jefi-jefi har 1906. Daga 1911 zuwa 1915 ya shugabanci Runduna ta 7 ta Hussars, wadda aka mayar Indiya, kuma a can ya buga wasanninsa na ƙarshe masu daraja ta ɗaya a ɓangaren Turawa, inda ya fara shekara ashirin da suka wuce. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya riƙe birged ta Jhansi a Indiya, yayin da ƙaninsa Roger ya rasa ransa a fagen daga a Beljiyam a 1917. Ya yi ritaya a 1921 da muƙamin Birgediya-Janar.

Jimlar abin da ya bari a kurket mai daraja ta ɗaya shi ne wasanni 55, maki 3,441, ɗari sau 11, matsakaici 38.66. Abubuwa biyu suke fitowa daga waɗannan alƙaluma. Na farko, wasanni 55 a cikin shekara ashirin da ɗoriya ba su wuce abin da mai cin albashi zai buga a kaka biyu ba. Na biyu, kusan rabin makinsa na rayuwa gaba ɗaya ya same su ne a kaka guda. Bayan ritaya ya zauna a kudancin Ingila yana buga wasa a ƙananan ƙungiyoyi yana koyar da matasa. Ya rasu ranar 14 ga Yuli, 1938 a Boscombe, yana da shekara 72. A 1992 Jeremy Lonsdale ya wallafa tarihin rayuwarsa mai suna The Army's Grace, sunan da ke kwatanta shi da W. G. Grace, babban gwanin kurket na ƙarni na 19.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kowane mataki na wasan Poore umarnin soja ne ya kai shi wurin. Tura rundunarsa Indiya ya haɗa shi da Lord Harris, tura ta Natal ya sa shi cikin ƙungiyar Afirka ta Kudu, dawo da ita Ingila ya ba Hampshire watanni biyu na abin mamaki, Yaƙin Boer kuma ya rufe wannan babi. Gwanintarsa tasa ce, babu mai ƙwace masa ita, domin mutane da yawa sun sami irin damarsa ba su ci maki 304 ba. Amma damar kanta ta fito ne daga tsarin da ya ware wa hafsa fili a Bombai ya bar 'yan ƙasa suna rubuta koke, ya kuma ɗauki baƙo a Afirka ta Kudu ya bar Hendricks a waje.

Akwai kuma darasi ga mai nazarin tarihi game da abin da ake adanawa. Duk makin da Poore ya ci a Taunton yana nan a rubuce, da sunan mai jifa da ranar wasa. Garuruwan da aka ƙona a ƙasar Shona a 1897 ba su sami irin wannan marubuci ba. Idan aka dogara da rubutun da ya fi yawa da tsari, sai a ba da labarin ɗan wasa a manta da soja, alhali shekara 35 ya yi a cikin kaki.

Duniyar da ta haife shi ta shuɗe. Rundunarsa ta rabu da dawaki ta koma motocin yaƙi a shekarun 1930, aka kuma haɗe ta da wata a 1958. Wasan kuwa ya zauna a ƙasashen da ya yi aiki, a hannun jikokin waɗanda aka tsare a bakin fili. Indiya ta shiga wasan Tes a 1932, Zimbabuwe a 1992. A watan Yuni na 2025, a filin Lord's na Landan, ƙungiyar Afirka ta Kudu wadda Poore ya taɓa wakilta ta ci kofin duniya na wasan Tes a ƙarƙashin jagorancin Temba Bavuma, baƙar fata ɗan unguwar Langa ta Cape Town.